Yayen Inna

"Auta."

Kiran ya ratso bangon sito a raunane, kamar mai yin sa ba ta da tabbacin za a amsa. Auta na zaune a kan buhun shinkafa, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Bakinta ya saba amsa wannan kira tun kafin kunnenta ya gama jin sa, shi ya sa ta toshe shi.

"Auta, ina kika shiga ne?"

Muryar Mai Jinya ta biyo baya, mai kauri, babu gaggawa a cikinta. Ta ce wa Inna Auta ta leƙa kasuwa, yanzu za ta dawo, ta daure ta buɗe baki ta karɓi wannan. Sai aka ji cokali ya daki ƙasa, ya yi ta rawa a kan tayil kafin ya kwanta.

Siton ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan kicin, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin Inna. Tagarsa na can sama, ba ta fi faɗin tire ba, hasken da ke shigowa ma sai ya ratsa yanar gizo-gizo. Ban da buhuna da jarkokin mai, a nan ake jibge abin da falo ya gaza ɗauka: kwalaye cike da lambobin yabon Yaya, babbar yayar Auta, da kofunan gilashi masu rubutun ruwan zinare, da manyan ƙyallayen da ake ratayawa a wurin taro. Ɗaya daga cikinsu ya warware daga naɗinsa, rabin fuskar Yaya ya fito, ido ɗaya da rabin murmushi.

Ranar Litinin ake son Auta ta bayyana a makarantar koyon aikin ungozoma, a wani gari mai nisa, da akwatinta da fararen takalmanta. Wadda ba ta zo ranar ba, za a ba wata gurbinta. Kuma bana ce shekara ta ƙarshe da shekarunta za su bari a ɗauke ta. Abu ɗaya ya rage tsakaninta da motar safiyar Lahadi, shi ne Inna ta yarda ta ci abinci daga hannun da ba na Auta ba.

Yau Alhamis. Tun jiya da safe Inna ba ta sa komai a cikinta ba sai kurɓin ruwa.

* * *

Duniya ta san Yaya da Farfesa. Ita ake nunawa a talabijin tana magana a kan karatun 'ya'ya mata, ita ta sa aka gina ajujuwa a ƙauyukan da ko hanyar mota ba su da ita, kuma yabon da ake yi mata babu ƙari a ciki. Auta ta sha ganin 'yan mata sun zo gidan da shaidar kammala karatunsu, suna kuka suna godiya. Ita ke kawo musu ruwan sanyi.

Tana gama sakandare aka kawo ta gidan, lokacin da Yaya ta haifi ɗanta na fari tana tsakiyar digiri na uku. Shekara ɗaya aka ce. Za ta riƙe jaririn shekara ɗaya, sannan ta shiga jami'a. Kafin shekarar ta zagayo wani cikin ya shiga. Daga nan Yaya ta samu damar zuwa ƙasar waje, irin damar da ba a ce wa ta jira. Da ta dawo sai muƙami, muƙami ya jawo tafiye-tafiye. Maneman auren Auta sun zo, sun gaji da zaman falo suna jiran a gama yi wa yara wanka, sun kama gabansu. Babu ranar da wani ya buɗe baki ya ce Auta ba za ta yi karatu ba. Kullum dai baɗi ne. Yaran suka girma suka tafi makarantar kwana, ta fara ɗaga kai, sai Baba ya rasu, aka dawo da Inna gidan. Ba a jima ba tsufa ya shiga sace mata sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya bar mata guda tak.

Yayyen Auta maza biyu ba sa fashin kiran waya. Sukan tambayi jikin Inna, su ba da shawara a riƙa ba ta 'ya'yan itace, su sa wa Auta albarka.

Ba ta taɓa jin haushin Yaya ba, ko kuma ba ta taɓa bari ta ji ba. Alfahari take yi da ita. Akwai wani shiri a rediyo da ake hira da matan da suka yi fice, ba ya wuce ta: matuƙiyar jirgin sama, da alƙaliyar babbar kotu, da likitar da ke buɗe ƙirjin mutum ta gyara zuciya ta mayar ta rufe. Ta haddace labarin kowace, inda ta taso da irin maganar da aka yaɓa mata don a kashe mata gwiwa. Amma duk cikinsu Yaya ce tata, domin ita ta goge kayan da ke jikinta a hoton. Wani lokaci kafin ta ninke mayafin Yaya takan ɗora shi a kafaɗa ta tsaya gaban madubi, ta ɗaga haɓa yadda Yaya ke yi idan za ta fara jawabi.

Wata rana tana durƙushe a banɗaki tana wanke zanen gadon Inna, rediyo na kan taga, aka sako muryar Yaya daga wani taro.

"Matar da ta ce sai ta gama aikin gida za ta fita neman ilimi, ba za ta fita ba har abada. Aikin gida ba ya ƙarewa. Ajiye shi ake yi."

Aka yi ta tafi. Auta ta bar hannuwanta a cikin kumfa ta daɗe. A makon ta tattaro tsofaffin littattafan yaran, ta riƙa karatu a bakin gadon Inna idan barcin rana ya ɗauke ta. Aikin ungozoma ta zaɓa, domin ta raini jarirai uku amma ba ta taɓa zama ta farkon da ta riƙe ko ɗaya ba. Ranar jarrabawa Inna ta yini ba ta ci komai ba, kowa ya ɗauka zazzaɓi ne.

Da sakamako ya fito, Yaya ta rungume ta har gilashinta ya faɗi ƙasa. Ita ta sayo akwatin, ita ta sayo takalman. A taron da ta je bayan nan ta ba da labarin ƙanwarta da ta koma karatu bayan shekaru masu yawa, mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Auta ta gani a talabijin tana yanke wa Inna farce.

* * *

Mai Jinya tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, gajera mai faɗin kafaɗa, wadda ta yi ritaya ta koma kula da tsofaffi a gidajensu. Auta na ce mata Gwaggo. Makonni aka ba su don Auta ta miƙa mata aiki, kuma ba ta rage komai ba. Wanka daga ƙafa ake farawa, in ba haka ba Inna ta firgita. Magani a marmashe ake sa shi cikin ayaba. Cokali ƙarami, ta gefen hagu, sai an taɓa mata haɓa tukuna. Mai Jinya ta ɗauke duk a 'yan kwanaki. Wanka da juyi da canjin kaya Inna ta bari, tana yi tana mita. Abinci ne kawai ya gagara. Da cokali ya doso sai ta datse baki ta juya ga bango, Auta kuma na tsaye a bakin ƙofa tana murza yatsu, can sai ta ce, "Kawo, Gwaggo, yau kawai." Inna ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu.

Haka makonnin suka narke. Da ya rage 'yan kwanaki Mai Jinya ta ja ta kicin ta tura ƙofa.

"Ke ce ciwon, ba ita ba," ta ce. "Kin taɓa yaye yaro?"

Auta ta ce uku ta yaye, ko da yake ba ita ta shayar da su ba.

"To kin san ba a yaye yaro uwarsa na tsaye a kansa tana yau-kawai. Yaye za mu yi wa tsohuwar nan. Ki ɓace mata. Kar ta gan ki, kar ta ji muryarki. Wannan silifas ɗin naki mai fat-fat ma ki cire shi, ta san tafiyarsa."

Sai aka shiga neman inda Auta za ta je ta kwana biyu. Aka yi ta tunani. Ba ta da ƙawar da ta san hanyar gidanta, waɗanda suka yi makaranta tare sun watse tuntuni. Gidajen yayyenta maza kuwa, an ce ana gyaran ɗakin baƙi, duka biyun. Ga shi kuma ita ke dafa abincin Inna. Aka tsaya a kan ta yini a sito, idan Inna ta yi barci ta lallaɓa ɗakin yara a sama.

Mai Jinya ta karɓi tsohon mayafin Auta ta yafa, ko ƙamshinsa zai ruɗi tsohuwar. Inna ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tambayi wace ɓarauniya ce wannan ta sa kayan 'yarta, ga ƙiba kamar an hura ta da famfo. Mai Jinya ta dawo kicin tana dariya har da dafa bango. Ta ce an zage ta a gidaje da yawa, amma wannan tsohuwar ta fi su iya zaɓen kalma.

Kafin ta rufe wa Auta ƙofar siton ranar farko ta faɗa mata magana ɗaya, ba da wasa ba. Idan ta fito ta ba Inna ko cokali ɗaya, an koma farko, kuma babu sauran kwanakin da za a sake farawa. Auta ta tambaye ta ko duk tsofaffin da ta yaye sun saba.

"Da yawa sun saba." Ta gyara mayafin a kafaɗarta. "Wasu ba su saba ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Tun daga nan Auta ta zama ɓarauniya a kicin ɗin da ta shafe shekaru a cikinsa. Ƙafa ba takalmi take girki, ta ɗora murfin tukunya kamar mai ajiye ƙwai, idan tari ya taso mata sai ta danne shi cikin tawul. Takan dafa shinkafa ta yi luguf yadda Inna ke so, ta miƙa kwanon ta bakin ƙofa, ta koma kan buhunta. Anjima kwanon ya dawo yadda ya tafi, sai ramin cokali ɗaya a tsakiya.

* * *

Ranar Juma'a Yaya ta soke wani zama ta dawo gida da rana tsaka, abin da ba ta saba ba. Auta ta ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmanta a baranda, ta ji ta cire su a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, ni ce. Na kawo miki abinci."

"Maraba da baƙuwa," in ji Inna, da muryar da take tarbar manyan mutane a zamanin da take da gidanta. Ta ce a ba Hajiya kujera. Ta ba ta haƙuri, ta ce yarinyar gidan ta fita, da an kawo mata ruwa. Yaya ta ce ba komai, ita dai Inna ta taɓa ko kaɗan ne. Inna ta ce a'a, ita ta ƙoshi, Hajiya ta ci abinta, ai ta sha hanya.

Daga nan ta shiga ba baƙuwar labarin babbar 'yarta. Farfesa ce, ana nuna ta a talabijin, tun tana ƙarama da littafi take kwana, idan aka aike ta sayen gishiri sai an bi sawu a tarar da ita tana karanta takardar da aka ƙunshe shi.

"Ba ta samun zuwa," Inna ta ce. "Aiki ya yi mata yawa. Idan kun haɗu a can wajenku, ki ce ina gaishe ta."

Yaya ta ce za ta faɗa mata. Auta ba ta taɓa jin muryarta ta ƙanƙance haka ba.

Da la'asar likita ya zo. Bayan ya duba Inna suka tsaya a baranda, dab da ƙofar siton, suna magana ƙasa-ƙasa. Ya ce jikin ya fara bushewa, kuma tunda maganin a cikin abinci yake shiga, shi ma ya tsaya. Idan gobe ta wuce ba ta ci ba, a kai ta asibiti a sa mata bututu ta hanci. Mai Jinya ta ce irin su Inna fizge bututu suke yi. Likita ya ce ai akwai yadda ake yi, ana ɗaure hannuwan a jikin gado da ƙyalle mai laushi, ba ya ciwo.

Auta ta san hannuwan nan. Kullum da safe ita ke shafa musu mai. Fatarsu ta zama kamar ɓawon albasa, idan aka riƙe da ɗan ƙarfi sai shatin yatsu ya kwana a kai.

Ta zauna tana juya abin har hasken tagar ya koma ja. Idan ta tafi ba ta yi laifi ba, kowa cewa yake ta tafi. Idan ta zauna babu wanda ya tilasta ta. Ƙofar siton ma ba a kulle take ba, sakatar tana ta ciki, a gefenta. Ta tambayi kanta abin da matuƙiyar jirgin za ta yi, da alƙaliyar, da likitar zuciya. Ta bi hirarrakinsu ɗaya bayan ɗaya a ka. Sun faɗi malamin da ya raina su, da ofishin da aka hana su kujera, da daren da suka kwana suna karatu da fitilar hannu. Babu wadda aka tambaya wa ke ba uwarta abinci ranar da ta fara tashi da jirgi. Mai gabatar da shirin ba ta taɓa yin tambayar ba, ita ma Auta ba ta taɓa lura ba a yi ba sai yau.

A can bayan bangon Inna ta daina ɗaga murya. Sunan take ta maimaitawa a hankali, kamar mai gudun kar shi ma ya ɓace mata.

* * *

Ranar Asabar da rana Yaya ta turo ƙofar siton. Zanen gida ne a jikinta, babu gilashi, idanunta sun kumbura. Ta duba inda za ta zauna ba ta samu ba, sai ta zauna a kan kwalin lambobin yabonta. A raɗa suke magana saboda bangon.

Ta ce ta kira mazan. Babban ya ce a dage da addu'a. Ƙaramin ya tambaya ko dole ne sai bana.

"Na ce masa dole ne. Gobe za ki tafi, Auta. Na riga na faɗa wa direba."

"Inna fa?"

Yaya ta matso. Ta ce ta kwana tana tunani, kuma ta ga wata hanya. Kawu yana da yarinya, bana ta gama sakandare, tana zaune a gida ba ta yin komai.

"Ke ce sak lokacin da kika zo, kamar an tsaga kara, har muryar. Kin ga Inna ai ba ke ta yanzu take nema ba, Auta yarinya take nema. Idan na kira Kawu yanzu, gobe da rana tana nan. Ba zai ƙi ba, murna ma zai yi. Shekara ɗaya kawai, kafin mu ga yadda jikin Inna zai yi, sai in sa ta a jami'a da kaina."

Maganar ta tsaya a tsakaninsu, babu inda za ta wuce a ɗaki mai ƙanƙanta haka. Yaya ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta sa tafin hannu ta rufe idanunta.

Auta ta hango yarinyar. Za ta bi gidajen ƙawayenta tana sallama, tana faɗin gidan Farfesa za ta koma. Za ta zo da littattafanta a saman kaya don kar su lanƙwashe. Amma ba wannan ya tsorata Auta ba. Abin da ya tsorata ta shi ne sanyin da ta ji ya sauka a ƙirjinta lokacin da Yaya ke magana. Kafin Yaya ta rufe baki, zuciyarta ta riga ta ce a kira shi.

"Yaya, in tambaye ki," ta ce. "Da ke ce a kan buhun nan, ya za ki yi?"

Yaya ta sauke hannunta. "Amsar wurin taro kike so ko ta gaskiya?"

"Ta gaskiya."

"Tafiya zan yi. Zan yi kuka a mota, amma zan tafi." Ta share hanci da gefen zaninta, kamar ba ita ake miƙe wa tsaye ba. "Sai dai ni duk lokacin da na juya baya kina nan. Ban taɓa fita daga gidan nan na waiwaya ba, don na san wa na bari. Ke wa za ki bari?"

Auta ta buɗe baki za ta ce ke, sai ta tuna baƙuwar jiya da aka ba kujera. Yaya ta karanta a fuskarta.

"Kin ji da kunnenki," ta ce. Can ta ƙara da cewa, "Ba zan ce ki fito ba. Wallahi ba zan ce ba. Ki ce in kira Kawu, ko ki ce in kira motar asibiti. Duk wanda kika zaɓa ni zan ɗauki nauyinsa, ba ke ba."

Auta ta san da gaske take. Ta kuma san ranar Talata Yaya na da taro a wata ƙasa, domin ita ta goge kayan ta shirya su a jaka.

Suka kasa kunne tare. Tun safe babu kira. Sai ƙarar fanka, da motsin kujerar Mai Jinya jefi-jefi. Auta ta gane kiran da ya hana ta sukuni kwanakin nan ya fi mata wannan shirun sauƙi.

"Kar ki kira Kawu," ta ce. "Ki bar masa 'yarsa."

"To asibiti ke nan?"

Auta ta miƙe, ƙafafunta sun yi tsami saboda zama. Yaya ta kamo wuyan hannunta.

"Auta, ki yi tunani."

"Shi nake ta yi, Yaya. Tun da na shigo ɗakin nan ba ni da wani aiki."

Ta ja hannunta a hankali. Riƙon bai yi ƙarfi ba, ya sake ta tun kafin ta gama ja. Dukansu sun lura, babu wadda ta dubi 'yar'uwarta.

* * *

Mai Jinya na zaune a bakin gado da kwano a cinya. Ta ɗago ta ga Auta a ƙofa, ta daɗe tana kallon ta.

"Kin tuna abin da na faɗa miki."

"Na tuna, Gwaggo."

Mai Jinya ta miƙa mata kwanon, ta dafa gwiwa ta tashi da ƙyar. Ta ce ta ga irin su Auta da yawa, su ne ke kashe wa masu jinya kasuwa. Ta yi ƙoƙarin yin dariya, ba ta fito ba. Da ta zo wucewa ta dafa kafaɗar Auta sau ɗaya, ta ja ƙofar.

Inna ta ƙanƙance a cikin bargo. Leɓɓanta sun tsage, idanunta sun faɗa. Auta ta zauna ta gefen hagu, ta jiƙa yatsa a kofi ta shafa mata a leɓe. Idanun suka buɗe, suka yi yawo a silin, suka sauka a kanta. Babu mamaki a cikinsu ko kaɗan.

"Kin daɗe a kasuwar nan."

"Cunkoso ne, Inna."

Ta tallafo ta ta jingina da filo, ta taɓa mata haɓa. Bakin ya buɗe. Cokalin farko ya daɗe kafin ya wuce, Auta na kallon maƙogwaron yana hawa yana sauka. Na biyu bai daɗe haka ba. Daga baranda ta jiyo Yaya a waya, murya ƙasa-ƙasa, tana ce wa direba ya huta gobe, an fasa.

Da aka ci kusan rabin kwano Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da cokalin. Ta ƙura wa Auta ido, wani irin kallo mai haske da aka daɗe ba a gani a fuskarta ba, irin na lokacin da take da ƙarfin yi wa yara faɗa.

"Ke kuwa Auta, kullum kina gida. Ba kya zuwa makaranta ne?"

Auta ta juya cokalin a cikin kwano.

"Ki dubi yayarki mana. Ki yi koyi da ita. Mace ba ta zama haka kawai."

"To, Inna."

Ta goge mata gefen baki da yatsa. Ta ɗebo wani cokalin, ta hura shi ko da yake abincin ya riga ya huce, ta miƙa.